Rasuwar Madam Wi, Tsohuwar Kwamfutar Malam Barau ta Gumel

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani tsoro da ya biyo bayan baƙin cikin ya ƙi tafiya, iyalan Malam Barau, tsohon malamin firamare a garin Gumel, suna sanar da ’yan uwa da abokan arziki na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar rasuwar tsohuwar kwamfutarsu, wadda unguwa ta sani da Madam Wi. Ta cika ne ranar Litinin da hantsi, a kan teburinta na ɗakin zaure, inda ta zauna shekara ashirin da ’yan kai ba ta taɓa gusawa ba. Ta rasu da faifai a bakinta. Wanda ya ji wannan sanarwa ya yi dariya ba mu ga laifinsa ba, a unguwar ma da farko an yi. Sai dai a daure a karanta har ƙarshe, domin marigayiyar ba ita kaɗai ta tafi ba. Faifan da ke bakinta shi ke ɗauke da hoton Laure, matar Malam Barau da ta rasu tun tuni, kuma a duk faɗin duniya babu wani hoton Laure sai shi.

Asalin marigayiyar ba a san shi dalla-dalla ba. Abin da aka tabbatar shi ne daga Damagaram ta shigo, a bayan babbar mota, tsakanin buhunan kanwa, a shekarun da wayar hannu ba ta iso ƙasar nan ba. Wanda ya kawo ta Ɗantsoho ne, ɗan kasuwar kan iyaka da ke sayar da duk wani abu mai wutsiyar waya, kama daga rediyo har dutsen guga. Malam Barau ya je kasuwar Maigatari wata Alhamis da niyyar sayen ɗan rago na kiwo, sai ga shi da la’asar ya sauko daga mota da kwalaye a kan ’yan dako, babu rago babu dalilinsa. Laure ta leƙa kwalin farko ta ga ƙaton gilashi mai ƙeya kamar tulu, ta leƙa na biyu ta ga akwatin ƙarfe, sannan ta dubi mijinta ta tambaye shi me wannan dabbar take ci. Ya ce wutar lantarki. Ta ce to a Gumel kam za ta sha azumi.

Tun ranar farko aka gane ba ’yar ƙasar nan ba ce. Malam Barau mutum ne mai ji da Turancinsa, kuma ya iya tafireta tun a kwalejin horon malamai, yatsunsa sun san gidan kowane harafi ba sai ya duba ba. Ya gyara zama, ya tara maƙwabta, ya buga sunansa ido rufe don a gani. Da ya buɗe ido sai ya ga ta rubuta Bqrqu. Ashe haruffanta ba a inda na Turawan Ingila suke suke ba, kuma duk maganar da ke fitowa a gilashinta Faransanci ce tsantsa. Alhamis ta zagayo ya koma Maigatari rai a ɓace, ya sami Ɗantsoho a rumfarsa.

“Haba Malam, kada Faransancin ya tsorata ka,” in ji Ɗantsoho. “Mutuniyar nan ba ta da wuyar sha’ani. Duk sanda ta fito maka da ɗan akwati tana tambaya, za ka ga kalma biyu a ƙasa. Ta hagun wi ce, wato i. Ta daman a’a ce. Kai dai ka ba ta wi ku zauna lafiya. Madam ce, ba ta son musu.”

Malam Barau ya riƙe wannan karatu da hannu biyu, kuma gaskiya karatun bai taɓa ba shi kunya ba. Ta tambaya, ya ba ta wi, aiki ya tafi. Ta sake tambaya, ya sake ba ta wi. A tsawon zamansu bai taɓa sanin me take tambayarsa ba, bai kuma taɓa jin buƙatar sani ba. Ta nan ta sami sunanta. Mazan unguwa har suka riƙa cewa da kowane maigida zai bi da gidansa yadda Malam yake bi da Madam, da alƙali ya huta.

Marigayiyar mai haƙuri ce da nauyin jiki. Ba ta gaggawa, ba ta kuma son a yi mata. In an kunna ta sai ta fara da gyaran murya, huuum, ta yi ’yar ƙara ɗaya mai kaifi, sannan ta shiga ƙirga dukiyar cikinta da fararen lambobi a kan baƙin gilashi, har mutum ya je ya yi alwala ya dawo bai same ta ta gama ba. Abincinta disket ne, ɗan faifan nan baƙi mai kusurwa huɗu da ’yar ƙofar ƙarfe mai zamewa, wanda yaran yanzu in sun san shi ma fulofi suke ce masa. In aka tura mata shi a baki sai ta ce ƙas, ta haɗiye, ’yar koriyar fitilarta ta kama, ta shiga tauna, gurr-gurr, ƙirr, gurr. Duk wanda ya zauna a zauren nan a shekarun can ya san wannan ƙara, kuma har gobe in ya ji irinta sai ya waiga.

Ita ce kwamfuta ta farko da ta kwana a gidan mutum a duk unguwar, kuma an ba ta girman da ya dace da hakan. Ba a shiga ɗakinta da takalmi. Laure ta yanka mata mayafi daga wani tsohon leshi, ana lulluɓe ta da shi in ta gama aiki. Da Malam ya ji a rediyo cewa kwamfutoci na kamuwa da ƙwayar cuta, sai ya kafa dokar hana duk mai mura ƙetare bakin ƙofa, kuma dokar ba ta bar kowa ba, har mai unguwa sai da ya yi gaisuwa daga waje yana jan hanci. Tsofaffin mata sukan yi sallama su gaida maigida, su gaida Madam da aiki. Ta buga tambayoyin jarrabawa na makarantu har na Gagarawa, ta buga katin ɗaurin aure na mutanen da yau ’ya’yansu sun yi aure. Tana da karta a cikinta, kuma akwai wani dattijo mai yawan wa’azi a kan caca da aka taɓa samu a gabanta yana jan jar mace yana ɗorawa a kan baƙin sarki. Ba za mu faɗi sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya.

Yanzu sai maganar amanar da aka ba ta, wadda saboda ita aka rubuta wannan sanarwa.

Laure ’yar Ɗanzomo ce, daga gidan da ba a yarda da hoto ba. Ba a ɗauke ta tana budurwa ba, ba a ɗauke ta ranar aure ba, ko mai hoto ya shigo gidan biki sai ta ja mayafi ta juya baya. Wata rana Ɗantsoho ya zo Gumel da wata kyamara mai ban mamaki, wadda ba a sa mata fim, disket take ci kamar Madam. Malam Barau ya are ta ya shiga gida ya yi ta lallashi. Hujjarsa ita ce wannan ba hoto ba ne, tunda babu takarda. Haske ne kawai, in an kashe wuta ya tafi. Laure ta yi dariyar hujjar, ta san dai so yake. A ƙarshe ta tsaya a bakin ɗakinta da rana, ta gindaya sharaɗi biyu: ba za a taɓa mayar da ita kan takarda ba, kuma namijin da ba na gidan ba ba zai gan ta ba. Ya ce ya ɗauka. Ya danna sau ɗaya, ta ce ya isa haka. Damina ba ta sake zagayowa ba ta kwanta ciwon kwana kaɗan, Allah Ya karɓi abarSa, ta bar autarta Munira tana rarrafe. Allah Ya jiƙanta Ya yi mata rahama.

Malam Barau ya cika alkawari fiye ma da yadda aka nema. Bai buga hoton ba. Bai ma yarda ya zuba shi a cikin kwamfutar ba, domin ɗakin zaure ɗakin jama’a ne, malamai da ɗalibai na taɓa ta, kuma matarsa ba za ta zauna inda kowa zai buɗe ya leƙa ba. A disket ɗinta ya bar ta, ya naɗe da ƙyalle, ya sa a gwangwanin alewa, ya kai ƙuryar ɗakinsa. Kowace Juma’a in an sauko daga masallaci sai ya rufe ƙofar zaure, ya tura faifan, ya zauna. Madam takan yi tauna ta daɗe, sannan hoton ya fara saukowa daga sama a hankali, layi bayan layi: bango, ɗankwali, goshi, har zuwa hannun da ke riƙe da labule. Yakan duba har ya ƙoshi, ya zare, ya naɗe. Haka ya yi shekara da shekaru. Mutum ne da ba ya kuka a gaban kowa, amma yayarsa Iya Asama’u, wadda ta dawo gidan ta raini Munira, ta ce ranar Juma’a ba ya cin abincin rana.

Munira a gilashin Madam ta san fuskar uwarta. Tun tana ƙarama ake ɗora ta a cinya a nuna mata. Da ta girma, ta yi karatu, ta yi aure, ta kama koyarwa a Gagarawa, sai ta fara jin tsoron abin da mahaifinta ba ya gani. Ta sha roƙonsa.

“Baba, abin nan fa ya tsufa. Ka bar ni in ɗauka da waya, ko daga jikin gilashin ne.”

“Auta, waya kasuwa ce. Abin da ya shige ta ya shiga duniya. Na yi wa mahaifiyarki alkawari.”

“Takarda ta ce, Baba. Ba ta ce waya ba.”

“Don ba ta san waya ba ne.”

Munira ’ya ce mai biyayya, ba ta taɓa ɗauka a ɓoye ba. Mai rubuta wannan sanarwa ya so a ce ba ta kai haka biyayya ba.

Ciwon ajali ya fara ne a hankali, yadda yakan fara wa tsofaffi. Da farko mantuwa ce. Kullum aka kunna ta sai ta ce yau ɗaya ga Janairu, a wata shekara da ta wuce tun kafin a saye ta. Daga nan fankar cikinta ta fara tari. Wani lokaci takan tsaya cak a tsakiyar aiki ta zuba ido. Aiki ma ya riga ya ƙaurace mata, kowa ya koma shagunan bakin titi, ba mai sallama da ita sai maigidanta. Duk wannan bai tayar wa Malam hankali ba. Abin da ya tayar shi ne wata Juma’a da hoton ya sauko, ya sauko, ya tsaya a haɓa. Daga nan zuwa ƙasa toka-toka ne kamar bangon da ba a yi wa fenti ba. Ya ce ƙila zafi ne. Juma’ar da ta biyo baya ya tsaya a hanci. Wadda ta biyo ta kuwa, Madam ta yi ta tauna har gumi ya karyo wa Malam, ta fito da ɗankwali da goshi da gira, ta tsaya daidai inda idanu za su fara. Ya zauna yana kallon rabin goshin matarsa har aka kira la’asar, sannan ya fito ya ce wa Iya Asama’u a kira masa Auta a waya.

Ya ce ta zo ranar Litinin da wayarta. Ya yarda. Ya ce in ya so ranar gobe ƙiyama ya ba Laure haƙuri da bakinsa.

Litinin ɗin da safe Munira ta nemi izini a makaranta ta shiga motar haya daga Gagarawa. Aka yi sa’a akwai wuta, ko kuma mu ce aka yi rashinta. Malam Barau ya ga bai kamata ya zauna haka ba, gara ya ɗumama Madam tun kafin yarinyar ta iso, kada ta zo a yi ta jira. Ya yaye leshi, ya kunna, ya tura faifan. Ta ce ƙas. Ta tauna, ta huta, ta sake taunawa. Hoto bai zo ba. A madadinsa wani ɗan akwati ya fito tsakiyar gilashi da tambaya doguwa, da kalmomin nan biyu a ƙasa. Ya ba ta wi. Wani akwatin ya fito, ya danna. Na bayansa ya zo da wata alama rawaya a gefe, irin wadda bai saba gani ba, shi ma ya ba shi haƙƙinsa. Yatsansa bai ko yi shawara da shi ba.

Sai ta fara wata ƙara da bai taɓa ji ba a duk zamansu. Ba gurnanin tauna ba ne. Tak, tak, tak take yi, a natse, kowace da tazararta daidai, wani shuɗin layi kuma na tafiya daga hagu zuwa dama. Malam Barau ya ji sanyi a ransa. Ya ɗauka gyara take yi. Har ya leƙa cikin gida ya ce wa yayarsa, “Yaya, ga alama ta samo bakin zaren.” Layin ya wuce rabi sosai lokacin da wani abu ya ce fat a cikin akwatin ƙarfen. Ƙaurin roba ya cika ɗaki. Hasken gilashin ya tattaru ya zama ɗigo ɗaya fari a tsakiya, ya jima kaɗan, ya ɓace. Kalmarta ta ƙarshe, a shaidar maigidanta, tak ce.

Munira ta yi sallama da wayarta a hannu, ta riga ta buɗe kyamara tun daga bakin titi. Ta tarar da mahaifinta a tsaye yana danna maɓallin da ke fito da faifai, maɓallin ya ƙi.

Marigayiyar ta rasu ta bar allon haruffa ɗaya, wanda wasu haƙoransa suka goge. Da ɓeran kwamfuta ɗaya, wato maus, mai ƙwallo a ciki, ya daɗe yana ɗingishi. Da mayafin leshi. Abokiyar zamanta, injin buga takarda mai ƙarar keken ɗinki, ta riga ta da shekaru. Ta kuma bar marayu cike da kwali, disket baƙaƙe da shuɗɗa, kowanne da cikinsa, babu mai jin yarensu. Daga cikin marayun nan ɗaya ne ya hana gidan sukuni.

Zayyad mai gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa shi ya yi wa gawar fiɗa. Ya kwance ta da sukundireba, ya zaro faifan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya ce ita kam ta tafi, irin kayan cikinta an daina yin su tun yana firamare. Daga nan aka shiga cigiyar wanda ke cin disket har yanzu a ƙasar nan, kuma abin mamaki ba a rasa ba. Ilu tela yana da tsohon keken surfani a Gumel da ba ya zana ko fure ɗaya a wuyan riga sai an ba shi disket. A Sule Tankarkar akwai mai kiɗan biki da piyanonsa ke ajiye kiɗa a cikinsa. Duk an je. Ilu ya karɓi faifan da bismilla, ya juya shi, ya mayar. Ya ce, “Malam, nawa zare kawai ya sani. Ba shi da idon ganin mutum.” Mai piyano ma haka. A ƙarshe labari ya zo cewa Ɗantsoho, wanda yanzu tsufa ya zaunar da shi a rumfar ’ya’yansa, yana da wani ɗan akwati mai waya da ake haɗawa da kwamfutar zamani ya karanta disket.

Suka tafi Maigatari su uku, Malam da Munira da Zayyad. Aka haɗa akwatin da kwamfutar Munira ta cinya. Malam ya sa aka juya gilashin ya fuskanci bango, ya ce Zayyad da Ɗantsoho su koma ta baya, domin sharaɗi na biyu bai faɗi ba. Ya warware ƙyalle, ya tura faifan da hannunsa. Akwatin ya tauna. Sai ga ɗan akwatin tambaya ya fito, da kalmomi biyu a ƙasa, wannan karon da Turanci. Hannun Malam ya miƙa da kansa. Munira ta riƙe shi. Shi da ya koyar da Turanci rabin rayuwarsa, ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya ce ita ta faɗa masa.

“Cewa take faifan ba ya karantuwa, Baba. Tana tambaya ko a share duk abin da ke ciki a mayar da shi sabo.”

Malam ya cire tabarau. Sannan ya ɗaga murya ya tambayi Ɗantsoho ta bayan gilashi ko ta Faransanci ma abin da ta ce ke nan ranar Litinin.

“Wallahi Malam ban sani ba,” in ji tsohon. “Ni ban yi lakwal ba, bokon Faransa. Wanda ya sayar mini da ita a Damagaram, shi ya ce in ba ta wi. Ni ma koya mini aka yi.”

Zayyad ya yi bayani a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ce faifan dama ya fara lalacewa, shi ya sa hoton yake raguwa. Da a ce a’a aka danna, akwai masu aikin a Kano da kan lallaɓo abin da ya saura. Amma ƙarar nan ta tak, tak shara ce, ɗaki bayan ɗaki, kuma ta yi nisa kafin mai sharar ta faɗi. Ya ce ba ya yanke wa kowa ƙauna daga rahamar Allah, sai dai shi ba zai ce a sa rai ba. Munira ba ta ce wa mahaifinta ai na faɗa maka ba. Ba ta ce ba a rumfar, ba ta ce ba a mota, ba ta ce ba har yau, kuma shirun nan nata ya fi masa kowace magana ciwo.

A hanyar dawowa ne abin da ya fi mutuwar Madam muni ya bayyana. Malam Barau ya jingina da kujerar mota ya rufe ido, da nufin ya dubi Laure a zuciyarsa tunda gilashi ya ƙare. Bango ya zo. Labule ya zo. Ɗankwali ya zo da launinsa. Fuska ba ta zo ba. Ya matse ido, ya kira ranar aurensu, ya kira ranar da ta yi dariyar rago, duk ya gan ta tana motsi, tana magana, amma kullum kanta a juye yake. Shekara da shekaru ya saba in yana son ganinta ya kunna wuta, har zuciyarsa ta sauke kayan ta bar wa ƙarfe. Da suka iso gida Munira ta tambaye shi ko ɗan tabon nan na fuskar uwarta a kuncin hagu yake ko na dama, domin ita ma ta fara kokwanto. Shi ma ya laluba ya rasa. Iya Asama’u ta ce a daina wahala, ai ga Auta nan, uwarta ce sak. Malam ya dubi ’yarsa ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, “Yaya, ban sani ba.”

Tun ranar mutane ke shigowa jaje, wasu da murmushi a ɓoye, su fita babu shi. Duk wanda ya san Laure, Malam kan tare shi ya ce ya ba shi labarin kamanninta. Amsar ɗaya ce. Allah sarki, mutuniyar kirki. Mai haƙuri, mai kyauta, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Haka muka saba yabon mamaci, da halinsa, kuma babu wanda ya taɓa koya mana yadda ake faɗin hanci da baki. An aika Ɗanzomo a ɗauko gwaggon Laure, wadda ta yi mata kitso tun tana yarinya, ɗan aike ya tarar an yi sadakar arba’in ɗinta.

Game da jana’iza, an tsara kamar haka. Ba za a yi wanka ba, marigayiyar ba ta shiri da ruwa tun tana raye. Ba za a yi salla ba, liman ya ce kada ma a tambaye shi. Za a ɗauki gawar daga ɗakin zaure ranar Alhamis mai zuwa da safe, a kai ta kasuwar Maigatari inda ta fito, a miƙa ta ga ’yan gwangwan. Marayun da ke kwali Ilu tela ya ɗauki nauyinsu, zai share su ya zuba musu zanen wuyan riga. Faifan nan guda ɗaya ya koma gwangwaninsa, kuma an roƙi kowa kada ya tambayi Malam me zai yi da shi.

Zaman makoki yana gidan Malam Barau, maza a zaure, mata a ciki wajen Munira da Iya Asama’u. Babu sadakar uku, babu ta bakwai, kuma ba a sa ranar tashi ba. Ba a buƙatar abinci ko goro. Abin da iyalan ke roƙo, musamman daga tsofaffin Ɗanzomo da Sule Tankarkar da duk matar da ta taɓa zaman biki ko suna da Laure, shi ne a zo a faɗi yadda fuskarta take. Kada a ce masa mai haƙuri ce, ya sani. Wanda ya tuna ko da yanayin idonta ne in ta yi dariya, ko gefen da tabon yake, ya dubi Allah ya zo, kuma ya zo da wuri. Jiya da safe Malam ya ce wa yayarsa muryar ma ta fara yi masa nisa.